Ranar da Kuɗina Suka Rinjayi Sanin Masunci

Akwai laifin da hukuma ba ta kama mutum a kansa, jama'a ma ba sa ganin ya yi wani abu, amma shi ya san abin da ya aikata. Irinsa na yi a tekun Elmina. Na daɗe ina ba da labarin wannan tafiya a majalisa a matsayin ƙaddarar da ta faɗa mana: mun fita kamun kifi, hadari ya taso, Allah ya kuɓutar da mu. Duk abin da nake faɗa gaskiya ne, sai dai kullum nakan tsallake maganganun da suka fito daga bakina kafin hadarin ya iso. Su nake so in bayyana yau, domin su ne ainihin labarin, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni haifaffen zangon Kumasi ne. Fataucin goro ya kawo kakanninmu ƙasar Asante ta hanyar Salaga, saboda haka mu mutanen tudu ne tun asali. Ruwan da na sani shi ne tafkin Bosomtwe, inda muke zuwa yawon salla, da kuma tsallaka Volta a Yeji in sana'a ta kai ni arewa. Na iya iyo daidai gwargwado, ban taɓa jin tsoron jirgin fito ba, kuma wannan ɗan sanin ne ya sa na ɗauka ruwa duk ɗaya ne.

Wani abokinmu da ke zaune a Kotokuraba, cikin Cape Coast, shi ya kwaɗaita mana tafiyar. Ya ce ya san wani bosun a Elmina, wato shugaban ma'aikatan kwalekwale, wanda yakan ɗauki baƙi su je su jefa ƙugiya in an daidaita da shi. Muka haɗa kai da wani tela abokin yarintata, da wani malamin makaranta da muke salla a masallaci ɗaya. Ni na tara kuɗin, ni na yi cinikin, saboda haka ni aka ɗauka a matsayin jagoran tafiya.

Duk wanda ya je Elmina ya san ganuwar nan fara da ke tsaye a bakin teku, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, inda aka tsare bayin da ba a san iyakarsu ba kafin a haye da su teku. A gindinta tafkin Benya yake haɗuwa da teku ta wata siririyar mashiga, kuma a nan ɗaruruwan kwalekwalen Fante suke kwana, kowanne da tutocinsa da rubutun da aka yi masa da fenti. Gindin kwalekwalen itacen wawa ne guda ɗaya ake sassaƙawa, sannan a ɗaga gefunansa da katako, a maƙala masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ranar Talata ba a fita su, al'ada ce da ta daɗe a gaɓar, don haka muka sa Laraba.

Bosun ɗin dattijo ne mai ƙarancin magana. Da yake ina jin Twi, shi kuma Fante yake yi, mun fahimci juna ba tare da tafinta ba. Tun a wurin ciniki ya gindaya sharaɗi guda. Ya ce, “Alhaji, yanzu Afrilu muke. Za mu fita kafin gari ya waye, mu juyo kafin rana ta take tsaka. A irin wannan lokaci ba a amince wa yamma.” Na ce na ji, na yarda. Na ba shi rabin kuɗin don ya sayi mai da ƙanƙara, sauran kuma sai mun dawo. Ban tambayi rigar kariya daga nutsewa ba, ban kuma gaya masa cewa Malam bai iya iyo ko kaɗan ba, alhali na sani.

Muka yi asuba, muka fita ta ƙarƙashin gada. Bayan doguwar tafiya sai dattijon ya rage wuta, ya waiwaya yana daidaita ganuwar da tudun da ke bayanta, har ya gamsu cewa muna kan wurin da yake nema, inda akwai duwatsu a ƙasan ruwa. A nan manyan kifaye suke taruwa. Aka jefa anga, aka ba kowannenmu zaren roba mai dalma da ƙugiyoyi, wani yaro matashi cikin ma'aikatan yana yanka ƙananan kifaye yana maƙala mana. Shi ya koya mini yadda ake riƙe zaren a kan yatsa, da yadda ake bambance taɓin kifi da jan igiyar ruwa.

Hantsi ya yi ba mu kama abin kirki ba. Jiri ya kwantar da tela, ya yi ta amai, Malam kuwa ya riƙe katako da hannu biyu yana murmushin ƙarfin hali. Sai wajen tsakar rana kifi ya fara ci. Na jawo wani jan kifi mai nauyi, abokinmu na Kotokuraba ya jawo wani, ihu ya kaure, har tela ya miƙe ya karɓi zarensa. Daidai wannan lokacin dattijon ya tashi tsaye ya zuba wa gabas ido. Iskar da ke kaɗawa tun safe ta ɗauke, zafi ya yi nauyi, can ƙasan sama kuma wani baƙin layi ya shimfiɗu. Ya ce wa yaransa su naɗe zare su ɗago anga.

Ba zan ce ban gane abin da ya gani ba. Duk ɗan Hausa, daga Damagaram har Kumasi, ya san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, ya san shirun da ke gabansa, ya san iskar da ke riga ruwan isowa. Tun ina yaro in an ga irin wannan ake kwashe shanya a kora awaki ɗaki. Na gani, na gane, amma kifi yana ci, kuma ban so a ce mun taso tun daga Kumasi mun koma da abin da bai cika kwando ba.

Na fara da lallashi. Na ce, “Egya, ƙara mana ɗan lokaci kaɗan, yanzu fa kifin ya zo.” Ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, wancan ba ya jira.” Da a nan na tsaya, da babu abin da zan rubuta yau. Amma na ci gaba. Na ce kuɗin yini muka yi ciniki, kuma in rabin yini za a yi mana, to, sai mu sake duba maganar cikon. Na san ƙarya nake yi, domin da kunnena na ji sharaɗinsa na kuma amsa. Sannan na ƙara da wadda ta fi muni. A gaban yaransa, ina dariya, na ce mu da muka zo daga tudu ba mu ji tsoro ba, rai a hannun Allah yake, sai shi da aka haifa a bakin teku ne zai gudu don ya ga gajimare?

Bai mayar mini ba. Ya dube ni, ya dubi yaransa, ya sake duban gabas, sannan ya zauna ya ce a bar angar. A lokacin na ɗauka na yi nasara.

Ba mu ƙara kama kifi uku ba iska mai sanyi ta bugo mu. Kafin a ce me, sama ta rufe, gaɓa ta ɓace, ruwan sama yana dukanmu a kwance. Kwalekwalen ya shiga fizgar igiyar anga, goshinsa yana nitsewa cikin raƙuman ruwa yana ɗagowa. Aka yi ƙoƙarin ɗago angar, ashe ta maƙale a duwatsu. Yaron nan da ya koya mini riƙon zare shi ne a gaba yana ja, igiyar ta naɗe masa hannu, jirgin ya yi sama, na ji ƙararsa duk da rugugin iska. Dattijon ya yi tsalle da adda ya sare igiyar. Da aka tayar da inji, bai yi nisa ba wata taguwar ruwa ta rufe shi, ya mutu, aka ja aka ja ya ƙi tashi.

Abin da ya rage shi ne filafili da kwarfar ruwa. Ma'aikatan suka riƙe goshin jirgin yana fuskantar igiyar ruwa don kada ta buge mu ta gefe mu kife, mu kuma aka miƙa mana robobi muna kwarfa. Malam yana zaune a ƙasan jirgin, ruwa har ƙugunsa, yana maimaita kalmar shahada. A nan na tuna yana da 'ya'ya ƙanana, na tuna ni na je har gida na ce wa maiɗakinsa kada ta damu. Ƙarfin iskar bai kai awa guda ba, haka irin wannan hadarin yake, amma kafin ta lafa ta kora mu nesa da inda muke. Sai dab da magariba wani kwalekwale da ke komawa gida ya hango rigar da aka ɗaura a sanda, ya zo ya ja mu har cikin Benya.

Da muka taka ƙasa na biya cikon kuɗin, na ɗora wani abu a kai na ce a kai yaron asibiti. Na ji a raina na yi abin da ya kamata, har da ƙari. Muka hau mota washegari, kuma tun a hanya na fara gyara labarin yadda zai yi daɗin faɗa.

Malam ne ya dawo da ni kan gaskiya, bayan an ɗauki lokaci. Wata rana bayan sallar isha'i ina ba wasu baƙi labarin, yana gefe bai ce uffan ba. Da aka watse ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗan'uwa, don Allah ka daina cewa hadari ya rutsa da mu. Hadarin nan ya yi sallama, mai jirgi ya amsa, kai ka ce a zauna a jira shi.” Na so in kare kaina, na ce ai shi ne bosun, da ya ga dama da ya tayar da injinsa. Malam ya ce, “Ka riƙe masa kuɗi, ka kuma taɓa masa mutunci a gaban yaransa. Da me ka bar shi ya ƙi?” Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Tambayar tasa ce ta sa na nemi sanin halin da masuntan gaɓar Gana suke ciki, abin da ya kamata in sani tun kafin in yi ciniki da ɗayansu. Ƙasar tana da kwalekwalen su sama da 10,000 a gaɓar da ta kai kusan kilomita 550, kuma kifi shi ne naman yawancin gidaje. Abin dogaronsu shi ne ƙananan kifayen nan dangin sardin, waɗanda suke yawaita daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi yake tasowa daga ƙasan teku da abincinsu. Wannan kifin ya ragu ƙwarai in aka kwatanta da shekarun 1990. Jirage sun yi yawa, ana su da fitila da taru mai ƙananan idanu, ga kuma cinikin da ake kira saiko, inda manyan jiragen kamfanoni suka riƙa kwashe kifin da ba a ba su izinin kamawa ba, su daskarar da shi, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku. Wani bincike da ƙungiyoyin EJF da Hen Mpoano suka fitar ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai tan 100,000, kuma a lokacin Elmina ce babbar mashigarsa. A 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwalekwale teku na wata guda don kifi ya hayayyafa, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta sake yi wa Gana gargaɗi kan su ba bisa ƙa'ida ba. Man da ake sayar wa masunta da rangwame, wanda suke kira premix, yakan yi wuyar samu. Afrilu kuwa ba lokacin kifi ba ne, watan da jirgi yakan fita ya dawo bai mayar da kuɗin mansa ba.

A cikin wannan hali na ɗaga wa dattijon nan cikon kuɗinsa. Abin da a wurina kuɗin shaƙatawar ƙarshen mako ne, a wurinsa cefanen gidaje da yawa ne, domin ma'aikatan kwalekwale ba albashi suke karɓa ba, kaso ake yi bayan an cire kuɗin mai da rabon mai jirgi. In ya juya ba da yardata ba, na hana cikon, da wane baki zai yi wa yaransa bayani? Na sa shi zaɓi tsakanin abin da idonsa ya nuna masa da abin da za a ci a gida, sannan na kira taka-tsantsan ɗinsa tsoro.

Na koma Elmina tare da abokinmu na Kotokuraba. A can na tarar da abin da ban tsaya na gani ba ranar da na biya kuɗi na wuce. Kwalekwalen ba na dattijon ba ne, na wata mata ce mai sana'ar banda, kamar yadda aka saba a gaɓar, inda mata da yawa suke da jirage ko suke zuba jarin fita. Injin ya sha ruwan gishiri, ya daɗe a wurin makaniki, jirgin yana ɗaure, ma'aikata suna zaune babu kaso. An yi asarar anga da doguwar igiya, an biya waɗanda suka jawo mu kuɗin mansu. Matar ta ɗora laifin duka a kan bosun ɗinta, har maganar ta kai gaban sarkin masunta, domin kowa a bakin ruwan ya ga hadarin ya juyo a kan lokaci, sai shi da ya fi su shekaru a teku. Duk wannan tsawon lokaci bai gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba. Yaron kuwa yatsunsa biyu sun karye, ɗaya ya warke a sanƙare, ba ya lanƙwasuwa, a hannun da yake jan zare da shi.

Na roƙi a tara su, matar da dattijon da ma'aikatan, na maimaita maganganuna kamar yadda na faɗe su a teku, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ni na tsayar da jirgin, kuma sharaɗin da ya gindaya tun farko gaskiya ne, ni na karya shi. Na biya kuɗin gyaran inji da anga da igiya, na nemi gafarar yaron da ta iyayensa. Dattijon ya ce, “Alhaji, ni ma ina da nawa. Da na tayar da inji na bar ka da bakinka.” Na gode masa, amma ban ɗauki wannan a matsayin wankewa ba. Nasa kason tsakaninsa da sana'arsa ne, nawa kuma yana nan yadda yake. Kuɗi sun mayar da inji da anga, ba su mayar da yatsan yaron nan ba, kuma har gobe in na tuna shi sai na nemi gafarar Allah.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na jawo sunan Allah cikin gardamar. Na faɗi magana ta gaskiya, cewa rai a hannunsa yake, don in cim ma son zuciyata. Malamanmu sun karantar da mu tun muna allo cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma wanda ya ga halaka ya tsaya a gabanta da gangan ba zai kira abin da ya yi dogaro ga Allah ba. A cikin jirgin nan, wanda ya yi aiki da hankalin da Allah ya ba shi shi ne mutumin da ya ce a ɗago anga. Ni kwaɗayin kifi da son a yaba mini ne suka riƙe ni, na lulluɓe su da kalmar imani.

Na kuma gane cewa wannan hali bai tsaya a teku ba, kuma ba ni kaɗai nake da shi ba. Mu da Allah ya ba ɗan abin hannu mun saba ɗauka cewa wanda ya biya shi ke da magana ta ƙarshe. Direba ya ce ya gaji a kwana a hanya, mu ce ai shatar mota muka yi. Magini ya ce a bar kankare ya bushe kafin a ɗora bulo, mu ce biki ya matso. Makaniki ya ce birkin nan ba zai kai Tamale ba, mu ce ya lallaɓa. Yawancinsu sukan yi shiru su bi, domin suna bukatar aikin, mu kuma mu ɗauki shirun a matsayin yarda. In abin ya ɓaci, sunansu ne yake ɓaci, jikinsu ne yake jin ciwo, mu kuma mu ce tsautsayi ne. Abin da kuɗinmu yake saya shi ne lokacin mai sana'a da ƙarfinsa. Saninsa kuwa amana ce da yake riƙe da ita don kare mu da kansa, kuma wanda ya matsa masa ya ajiye ta ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya.

Ban daina zuwa teku ba, kuma ba na hana kowa zuwa. Fita su da abokai abu ne mai daɗi, mutanen gaɓar kuma suna bukatar baƙin da za su biya su da mutunci. Amma yanzu nakan biya kuɗin duka tun a tudu, in faɗa a gaban kowa cewa ko bayan awa guda bosun ya ce a juya, haƙƙinsa ya cika. Nakan tambayi rigar kariya ga kowane mutum, in babu mu nemo ko mu fasa. Nakan faɗi wanda bai iya iyo ba tun kafin a kwance igiya, in kuma bar wa wani a gaɓa lokacin da ya kamata a gan mu. In kai ne mai riƙe da kuɗin tafiya, ka sani kalmarka tana da nauyin da ba ka ji a bakinka, ko da cikin raha ka faɗe ta. Ranar da bosun ya dubi gabas ya ce a naɗe zare, ka zama na farkon naɗewa, don sauran abokanka su bi, shi kuma kada ya tsaya lissafin abin da gaskiyarsa za ta jawo masa.